Akwatin da Ke Jin Sanyi

Yayata Wara ba ta sayen sabo.
Ran Alhamis takan kutsa kasuwar El Alto,
inda ake baje gawar rediyo da firinta a kan buhu,
ta tsuguna tana tonon cikinsu kamar kaza a juji,
ta dawo aljihu cike da abin da duniya ta yar.

Ni ne mai riƙe tocila.
Ita ke narka dalma, leɓe a cije,
hayaƙi na shiga idonta, ko ƙiftawa babu.
Karatun a waya ta yi shi, mai tsagaggen gilashi,
a bakin wani malami da bai san da zamanta ba.
In data ta ƙare, malam ya sandare baki buɗe,
sai mu jira Inna ta sayar da saƙarta.

Abin da take nema bai taka kara ya karya ba:
akwatin da zai kwana a gonar dankali,
ya ji sanyi kafin ganye ya ji,
ya buga wa manomi waya, tashi, ƙanƙara na tafe.
Don a nan ƙololuwar tudu, dare ɗaya tak
kan ƙone wahalar shekara ba tare da wuta ba.

Na farko ya yi tartsatsi, ya ci gefen labule.
Na biyu ya dinga ihu da rana tsaka.
Na huɗu kare ya yi gaba da shi.
Na bakwai, cikin tsohuwar robar man girki,
da faifan sola da bai fi tafin hannu ba,
shi ya yi shiru, ya jira.

Muka hau keken igiya, muka gangara La Paz,
gari na lilo a ƙarƙashin takalmanmu.
Masu zuba jari uku, ruwan gora uku, agogo a bango.
Minti biyar suka ba ta.
Ɗaya ya ce, miliyan nawa za su saya?
Ta ce, gonaki goma sha bakwai ne a ƙauyenmu.
Suka yi murmushin da ya fi zagi ciwo,
suka ba mu biro mai tambarin kamfani.
A hanyar komowa ba ta ce uffan ba,
robar na kan cinyarta kamar jinjirin da likita ya ƙi duba.

Fabrairu, muna ƙauye wajen Kaka Eusebio.
Ƙarfe uku saura na dare, waya ta ɗau kuka.
Muka fito a guje, bargo na jan ƙasa,
sama wasai, taurari kamar an watsa gishiri.
Sai ga tsoho tuni a bakin kunya,
ya tara tattaka, yana ƙyasta ashana.

Ya ce, akwatinki ya makara, jikata.
Gwiwata ta riga shi da sa'a guda.

Wara ta sunkuyar da kai.
Wayoyin maƙwabta na ta ruri, ƙofofi na buɗewa,
mutane na fitowa da harawa da busasshen kashin dabbobi,
hayaƙi ya kwanta kan gonaki kamar mayafi.

Tsoho ya dubi wutar, gida goma sha bakwai,
ya daɗe yana ƙirgawa da leɓe.
Ya ce, gwiwar nan ni kaɗai take tasa,
kuma da ni za a binne ta.
Gobe ki koya mini inda ake sa batir.

Da gari ya waye ganyen na nan kore shar,
ban da kunya biyu can gefen rafi.
Wara ta ciro biron nan nasu,
ta rubuta a bayan hannunta:
na takwas, ya riga gwiwa.